Wuƙar Mai Lemo a Hannun Minti-Biyu

A layin shagunan da ke bayan tashar mota akwai wani mai gyaran fanka da ake kira Minti-Biyu. Ba uwarsa ce ta raɗa masa sunan nan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ko me aka kawo masa, tun kafin ya duba zai ce, “Wannan ai aikin minti biyu ne.” Fankar Tela ta shiga shagonsa ana tsananin zafi, ba ta fito ba sai da aka fara neman bargo, kuma har gobe in ka tambaye shi zai ce maka laifin fankar ne.

Wannan mutum mai baki kamar rediyo, wuri ɗaya kawai harshensa ke naɗewa, wato gaban tiren Mai Lemo. Tana zama a rumfar da ke tsakanin shagonsa da na kawunta, Baba Kafinta. Kullum bayan la'asar sai ya je ya tsaya a fere masa lemo ɗaya, ya zuba ido yana kallon ɓawon yana sauka siriri, dogo, ba ya tsinkewa har ya taɓa tire. Ya karɓa ya ce, “Yau ma akwai zafi.” Ta ce, “Akwai.” Ya koma shago. Duk layin sun san abin da ke ransa, shi kaɗai yake ganin sirri ne.

Wata Litinin tana miƙo masa lemo sai idonsa ya faɗa kan tafin hannunta, ya ga inda ya yi ja ya tashi. Ya dubi wuƙar da kyau, abin da bai taɓa yi ba, don kullum ɓawon da mai ɓawon yake kallo. Ashe ƙotar ta daɗe da barin duniya. Robar tayar keke aka naɗe wutsiyar ƙarfen da ita, ita ce ke cin hannun. Ruwan wuƙar kuwa dutse ya cinye shi har ya koma kamar ganyen rake.

A makon nan kuma ya kalli wani bidiyo a wayarsa, inda wani mutum ya sassaƙa wa wuƙa ƙota daidai hannun mai ita, sannan ya fitar da zanen fure a jikin ƙarfen. Datarsa ta ƙare ana tsakiyar bayani, amma a wurin Minti-Biyu rabin karatu ya isa buɗe makaranta. Nan take harshen da ya shekara a naɗe ya warware.

“Subhanallahi! Mai Lemo, da wannan kike aiki alhali ina layin nan da raina?”

“Me ya same ta?”

“Me bai same ta ba? Wuƙa da roba kamar danƙon harbin tsuntsu! Kawo ta nan. Zan yi mata ƙota ta itace daidai hannunki, kowane yatsa da ɗakinsa. Sannan in zana miki fure a jikin ƙarfen, zanen da ko jikokinki ba za su ga gogewarsa ba.”

Da ƙarfi ya yi maganar, don haka Mahauci ya tsallako daga teburinsa yana goge hannu, Tela ya leƙo da tef a wuya.

“Injiniya, da me za ka zana ƙarfe?” in ji Mahauci.

“Da ilimi. A shafe ƙarfen da kyandir, a bi da allura a zana, a tsoma a ruwan gishiri, a ba shi wutar batir. Wuta ta ci inda allura ta bi, ta bar inda kyandir ya rufe. Aikin minti biyu.”

“Gishiri da wuƙa ai sana'ata ce, ban taɓa ganin sun haifi fure ba.”

“Kai da ƙashi aka haɗa ka, ba da fure ba.”

Baba Kafinta bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba ya ce, “Ɗan nan, ka taɓa riƙe gizago kuwa?”

“Baba, wanda ya ciro hanjin fanka ya mayar, itace ne zai ba shi tsoro?”

Mai Lemo ta juya wuƙar a hannunta. Ta ce, “Wuƙar nan ta san hannuna, na san nata. Na gwada wasu, duk yaga lemo suke yi. Zan ba ka zuwa Alhamis bayan la'asar. In ka ɓata min ita, to ka nemi wani tiren da za ka riƙa tsayawa kana faɗa masa akwai zafi.”

Aka kwashe da dariya. Minti-Biyu ya karɓi wuƙa da hannu biyu, a ransa kuwa ya riga ya gama tsari. Ranar Alhamis, yana miƙa mata wuƙa, jama'a na tafi, zai buɗe baki ya faɗi maganar da ta fi zafin rana daɗewa a ƙirjinsa.

Da safiyar Talata ya zo da dunƙulen ɗanyen yumɓu daga wurin masu tukwanen fulawa. Ya ce ta damƙa, don haka masu ilimi ke awon hannu. Ta damƙa tana kawar da kai tana murmushi, yatsunta huɗu da babban suka fito ƙanana a jiki. Ya tallabo shi kamar ƙwai, ya ajiye a kan teburin ƙofar shagonsa ya sha iska, ya ja kunnen duk layin kada wanda ya taɓa, sannan ya tafi neman itace.

Baba Kafinta ya kira shi. “Ga guntun katako nan da ya shekara biyu yana bushewa a saman rumfa. Ɗauka, kyauta.”

“Na gode, Baba, amma wannan na ƙafar benci ne. Wuƙar lemo, itacen lemo ya dace da ita.”

“Ɗanye?”

“Zai bushe.”

“Allah ya ba da sa'a,” in ji tsohon, da irin muryar da ake raka mai tafiya kogi ba kwalekwale.

A duk saninsa bishiyar lemo ɗaya ce kusa, tana tsakar gidan yayarsa. Ya tarar ta tafi cefane, ya hau da zarto ya zaɓi reshen da ya fi kyau, wanda ya cika da farin fure. Reshen na faɗowa Yaya na shigowa. Ta saki jakar hannunta, tumatir ya watse.

“Auta! Shekara biyar ina zuba wa bishiyar nan ruwan wanke-wanke, sai bana ta yi fure, shi ne ka zo ka yi mata kaciya?”

“Yaya, aski na yi mata. Bishiya sai da aski take ƙiba.”

“Zo nan in yi maka irinsa da muciya!”

Ya fita da reshe a kafaɗa, fure na zuba a bayansa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a tsakar gida.

Da ya dawo shago ya fara duba yumɓunsa. Sai ya ga kamar sawun yatsun ya fi yadda ya bari girma da zurfi, har ƙaramin yatsan ya ɗan karkace. Ya tsaya yana nazari. Can ya ce ai ƙauna ce ke ƙara wa abu girma a ido. Batun karkacewar kuwa, ashe baiwar Allah tana da lanƙwasasshen yatsa bai taɓa lura ba. Tausayi ya kama shi, ya yi alkawari a ransa ba zai taɓa tayar mata da zancen ba har abada. Ya waiga dama da hagu, sannan ya sa nasa yatsun a hankali cikin sawun, ya lumshe ido.

Saura busar da itace. Ya yanko guntu, ya ɗora a kan kujera, ya jero fankokin mutane guda bakwai da ke jiran gyara suka kewaye ta, ya haɗa su duka a soket ɗaya ya kunna. Shago ya ɗauki ruri kamar jirgi zai tashi. Iska ta fito ta ƙofa ta shiga shagon Tela, ta kwashe yankakkun ƙyallen rigar da ya shimfiɗa. Hannun riga ya tashi sama ya sauka a kan naman Mahauci, aljihu ya bi titi.

“Kashe! Kashe abin nan!” Tela na ihu yana bin wuyan riga.

“Ka danne da almakashi mana! Kimiyya ake yi!”

Wata tsohuwar fanka da ba ta da keji ta saki farfelarta, ta wuce ta saman hular Mahauci ta kafe a jikin rumfa. Sai aka ji tas, wani ƙauri ya tashi, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Keken Tela ya tsaya a tsakiyar ɗinki, injin niƙan ƙarshen layi ya yi tari ya mutu, mai aski ya fito da wani mutum rabin kai a aske.

“Waye?” in ji mai askin.

Duk layin suka nuna shago ɗaya.

“Daga can sama ne matsalar,” in ji Minti-Biyu yana tura soket ɗin da ya narke ƙarƙashin tebur da ƙafa. “Ni ma ga shi sun tsayar min da aiki.”

Itacen ya bushe a baya, cikinsa kuwa jiƙe yake sharkaf. Ranar Laraba ya aro gizago da magagari, ya zauna yana sassaƙa yana gwadawa da yumɓu, har ya fitar wa karkataccen yatsan nan nasa gurbi na musamman. Ya yanke hannunsa sau uku, kowane yanka ya ce wa Tela alamar gwaninta ce. Ya huda ƙotar, ya cusa wutsiyar wuƙa ya buga. Ta zauna daram, don ɗanyen itace akwai riƙo a ranar farko.

Ya leƙa rumfa ya ga halin da ake ciki. Mai Lemo na fama da wuƙar da Mahauci ya ara mata, lemo na fashewa, ruwa na bin gwiwar hannunta. Wata mata ta ɗaga nata ta ce, “Yau kuma lemon naki faɗa ya yi da kare?”

Mai Lemo ta ɗago ta dubi Minti-Biyu. “Malam, gobe ce fa Alhamis.”

“Ranki ya daɗe, ai an gama. Ado kawai ya rage.”

Ado kuwa yana buƙatar batir da tukunya, duka biyun kuma a gidan Yaya suke. Ya je da takalmi ɗaya a hannu kamar mai neman ɗan'uwansa, ya yi ta ba da haƙuri har ta huce, don ɗan auta ba ya rasa ƙofar shiga. Mijinta na barcin rana, motarsa na ƙofar gida, sai batir ya bi Minti-Biyu zuwa bayan kicin. Ya ɗauko sabuwar tukunyar dalmar Yaya, ya cika da ruwa, ya juye rabin gishirin gidan.

Ya narka kyandir ya shafe ruwan wuƙar. Ya tsinko fure ɗaya daga bishiyar ya ajiye a gwiwarsa, ya ɗauki allura. A nan dai, a faɗi gaskiya, ya natsu. Ya ƙirga ganyen furen, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cizon leɓe. Da ya gama ya ga ya yi kyau, sai ya juya ɗaya fuskar ya zana wani daidai bayan na farko, don kada wani gefe ya yi kishin wani.

Ya rataye wuƙar a sanda, ruwanta na lilo a cikin tukunya. Saura wayoyi biyu, ja da baƙa, ɗaya a wuƙa ɗaya a tukunya. Wace a ina? Daidai nan datarsa ta ƙare. Amma shi da ya shekara goma yana haɗa wayar fanka ya san abu ɗaya: ko ta ina ka juya wayoyi biyu a soket, fanka juyawa take yi. Ya maƙala ja a tukunya, baƙa a wuƙa. Ruwa ya fara tsiyayar kumfa. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce da Yaya ta zo ta ga abin da ake yi a ƙasashen da suka ci gaba.

Aka yi la'asar, kumfa na tashi. Can Yaya ta ce, “Auta, me ya sa ƙafata ke jiƙewa?”

Suka duba. Ruwa ne ke fita ta gindin tukunya, ta wuri ɗaya, ta wuri uku, ta wurin da ba ya ƙirguwa. Yaya ta ɗaga ta sama, rana ta shigo ta ƙofofi kamar taurari. Wuƙa kuwa ko ƙwarzane babu, sai ƙyalli take.

“Tukunyata! Ko sau biyar ban ɗora ta a wuta ba!”

“Yaya, ki kwantar da hankalinki. Da ba ki da matsami, yanzu kin samu.”

A ƙofar gida kuma aka ji mijinta yana murɗa makulli mota ta ƙi ko tari, yana tambayar wanda ya ga abin da ya faru. Minti-Biyu ya naɗe wayoyinsa ya bi ta ƙofar baya, wannan karon da takalmansa biyu, da batir a ka.

A hanya ya gano bakin zaren. Ashe batir ba soket ba ne, inda jar waya take nan wuta ke ci. Da ya iso layi ya sanar da kowa cewa gwajin farko ya yi nasara fiye da zato, tunda har tukunya wutar ta huda.

Safiyar Alhamis ya sake ɗaura aiki a cikin shagonsa, a babban gwangwanin madara, ja a wuƙa baƙa a gwangwani. Sai tambaya ta biyu ta taso, ita ma tana cikin rabin bidiyon da bai gani ba: minti nawa ake bari? Ya yi lissafi. Dalma mai laushi ta ci daga azahar zuwa la'asar, ina ga ƙarfen wuƙa? Ya ƙara gishiri, ya rufe shago, ya tafi gayyatar jama'a. Ya gayyaci mai aski da masu injin niƙa, ya gayyaci direbobin tasha, ya je ya yi aski, ya sa rigar da ba ya sawa sai ɗaurin aure. Bai buɗe shago ba sai da aka kira la'asar.

Ruwan gwangwani ya koma baƙi kamar na kwata. Ya ciro wuƙar, kyandir da baƙin dagwalo sun rufe komai. Ya kai hannu zai kankare, sai dabara ta zo masa. Ina amfanin fure ya buɗe ba mai kallo? A gaban jama'a za a zuba ruwan zafi, kyandir ya narke, fure ya bayyana, mata su yi guɗa. Ya naɗe ta cikin farin hankici.

Rumfar Mai Lemo ta cika maƙil. Yaya ma ta zo da tukunyarta a hammata, mijinta na biye da ita a ƙafa. Minti-Biyu ya hau bencin Baba Kafinta ya gyara murya.

“Jama'a, an daɗe ana raina masu fasaha a layin nan. Wasu sun ce ba a yi da ɗanyen itace. Wasu sun ce gishiri ba ya haihuwa. Ba zan kama suna ba, ga su nan suna kallona. Za mu fara da ƙota.”

Ya zare hankicin daga ƙasa. Sai ga wani abu kamar guntun taɓarya.

“Wannan ta daka ce ko ta fira?” in ji wata mata.

“Riƙe ki ji, ranki ya daɗe. Hannunki ne da kansa.”

Mai Lemo ta karɓa. Yatsunta ko rabin zagaye ba su kai ba. Ta sa hannu na biyu ta tallafa. Ta dubi gurbin da ya lanƙwashe, ta dubi ƙaramin yatsanta miƙaƙƙe sambal, ta ce, “Wannan ɗakin na waye?”

Mahauci ya fara ja da baya yana sosa ƙeya. Baba Kafinta ya ce, “Kai, zo nan. Riƙe mu gani.” Ya riƙe. Ƙota ta shige hannunsa kamar tare aka haife su, karkataccen yatsansa da ƙashin saniya ya taɓa karyawa ya kwanta a gurbinsa lafiya lau.

“Wallahi sau ɗaya na matsa,” in ji Mahauci. “Na gan shi a tebur da laushi, an ce kar a taɓa, hannuna ya yi ƙaiƙayi. To, sau biyu.”

Tela ya dafa bango. “Tsaya, tsaya! Wato kwana biyun nan da nake hango Injiniya yana shafa yumɓu yana lumshe ido, hannunka yake shafawa?”

Rumfa ta kece. Mai aski ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mahauci ya ɓoye hannunsa a aljihu ya ce, “Ni dai ina da iyali.”

“An yi ta da girma ne da gangan!” Minti-Biyu ya fizge wuƙar. “Hannu yana ƙiba. Ku duba ƙarfin riƙo, ko giwa ta ja ba za ta fita ba!”

Ya girgiza ta sama. Itacen da ya kwana yana tsukewa ya riga ya tsage ta gefe. Ƙarfen ya zame ya yi tsalle, ya juya a iska, ya kafe a cikin kankanar wani mutum da ya tsaya kallo da ita a hannu. Ƙota kaɗai ta rage wa Minti-Biyu.

“Wannan irin ta zamani ce, ana cirewa a wanke,” ya ce. Ya zaro ƙarfen daga kankana, ya mayar, ya toshe tsagar da tsinken ashana uku. “Yanzu ku matso. A kawo ruwan zafi!”

Aka miƙo buta daga wurin mai shayi. Ya riƙe wuƙar a saman tire, ya tsiyaya. Kyandir ya narke ya gangara, baƙin ya wanke, sai ga zanen ya fito fes, layi-layi. Jama'a suka ce, “Kai!” Har Baba Kafinta ya gyara tabarau. Ƙirjin Minti-Biyu ya cika, ya buɗe baki zai fara maganar nan.

Sai aka ji ƙil. Furen ya faɗo cikin tire.

Wuta ta ci ta gaba ta ci ta baya har ta haɗu a tsakiya, dama kyandir ne kaɗai ke riƙe da shi. A tsakiyar wuƙar yanzu taga ce mai siffar fure, ta cikinta Minti-Biyu yana hango idon Yaya.

“Ita ma ta zama matsami,” in ji Yaya.

“Don iska ta riƙa ratsawa ne, kada lemo ya yi zafi. Kaifin ai yana nan. Ku gani!”

Ya ɗauki lemo ya ɗora wuƙa ya danna. Ƙarfen da ya rage sama da ƙasan tagar bai fi zare ba. Ƙas! Wuƙa ta rabu biyu.

Dariyar ta tashi, amma ba ta yi nisa ba, don an ga Mai Lemo ba ta yi. Ta tsuguna ta tsince guntayen biyu, ta haɗa su a tafin hannunta kamar za su manne, idonta ya kawo ruwa. Minti-Biyu ya laluba cikin bakinsa ko akwai sauran bayani, ya tarar an kwashe. Ya sauko daga benci a hankali.

“Na ɓata miki,” ya ce. “Ban iya ba. Ki yafe ni.” Ya juya zai nufi shago.

Masu kallo kuwa sun koma kan ɗan ƙarfen da ya faɗo, ana miƙa shi hannu zuwa hannu.

“Wai me ya zana? Ƙoda ce?” in ji Mahauci.

“Maɓalli ne,” in ji Tela.

“Kwaɗo ne da mota ta taka,” in ji mijin Yaya.

Mai Lemo ta miƙa hannu aka sa mata. Bai fi farcen babban yatsa ba. Ta juya shi, ta share da gefen mayafi, ta daɗe tana kallo.

“Furen lemo ne,” ta ce. “Ga ganyensa biyar, ga 'yan tsinkayen tsakiya. Kullum kuna shan lemo, ba wanda ya san furensa a cikinku.” Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ƙulli biyu. “Malam Mai Fanka, wa ya sallame ka?”

Ya tsaya cak.

“Kawu, ina sabuwar wuƙar nan da ka saya min na ƙi?”

Baba Kafinta ya shiga shago ya fito da ita, mai kauri kamar ƙanwar adda. Ta karɓa ta miƙa wa Minti-Biyu.

“Wannan ba za ta fere lemo ba sai ta sha dutse. Kullum da safe kafin ka buɗe shago, ka zo nan ka zauna ka wasa ta a gabana. Da hannu.”

“Har yaushe?”

“Har ta yi siriri kamar wadda ka karya.”

“Ita waccan kwana nawa ta ɗauka?”

“Shekara goma sha ɗaya.”

Minti-Biyu ya fara ƙirgawa da yatsu, yatsun suka ƙare saura ɗaya. Ya dubi Mai Lemo, ya dubi wuƙar, kunnuwansa suka ɗau zafi. Ya juya wurin tsohon.

“Baba, ko za a ara min dutsen wasa wuƙa?”

Baba Kafinta ya cire tabarau ya goge da bakin riga, bai yi sauri ba. “Ɗan nan, aron dutse na shekara goma sha ɗaya ba maganar bakin titi ba ce. Ka turo manyanka gida.”

Mai Lemo ta sunkuyar da kai tana gyara jerin lemon da babu abin da ya same shi.